Me ya sa na'urar taimaka wa ji take da tsada haka?

Na'urar taimaka wa ji ba ta kai girman ɗan yatsa ba, nauyinta kuma bai wuce 'yan giram ba, amma a ƙasashe irin su Amurka kuɗin guda biyu kan iya sayen motar da aka taɓa hawa.

Wannan tsada tana daga cikin manyan dalilan da suka sa miliyoyin mutanen da jinsu ya yi rauni suke zaune haka nan ba tare da na'urar ba, ciki har da mutanen ƙasashe masu arziki.

A rahotonta na farko game da matsalar ji a duniya, wanda ta fitar a watan Maris na shekarar 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kimanin miliyan 430 ne jinsu ya raunana har ya kai suna bukatar taimako, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Ta yi hasashen cewa adadin zai zarce miliyan 700 nan da shekarar 2050.

Rahoton ya kuma nuna cewa daga cikin waɗanda na'urar za ta yi wa amfani, kashi 17 cikin 100 ne kacal suke amfani da ita. A nahiyar Afirka kuwa, mutum tara cikin goma ba su da ita.

Abin da ke cikin na'urar

Na'urar dai ta ƙunshi abubuwa huɗu ne: makirfo da ke ɗaukar sauti, da wata 'yar mitsitsiyar kwamfuta da ke sarrafa shi, da lasifika da ke zuba shi cikin kunne, sai kuma batir.

Aikin wannan kwamfuta shi ne ya bambanta na'urar da amsa-kuwwa. Yawancin mutanen da jinsu ya ragu saboda shekaru ko yawan ƙara ba dukkan sautuka ne suke ɓace musu daidai wa daida ba. Siraran sautuka ne suke fara tafiya, irin su "s" da "f" da "sh" da "ts", yayin da wasula da manyan muryoyi suke nan daram. Shi ya sa dattijo kan ce yana jin murya sarai amma ba ya gane maganar, domin a kunnensa "fara" da "sara" da "tsara" duk sun zama abu guda. Idan aka ɗaga masa murya sai ya ji kamar ana yi masa tsawa, alhali kalmar ba ta fito ba.

Saboda haka na'ura ta ƙwarai tana ƙara ƙarfin sautukan da suka ɓace ne kawai, gwargwadon yadda awon kunnen mutum ya nuna. Takan ɗaga magana ta ƙasa-ƙasa, ta kuma danne ƙara mai ƙarfi don kada ta ƙara lahanta kunnen. Kunnen kowa da irin nasa raunin, har ma na dama kan bambanta da na hagu, don haka sai ƙwararre ya saita ta.

To amma duk da wannan fasaha, kayan da ake haɗa na'urar da su ba su da tsadar a zo a gani. A shekarar 2015, majalisar da ke bai wa shugaban Amurka shawara kan kimiyya da fasaha, zamanin Barack Obama, ta yi nuni da cewa ana iya samun kayan cikin na'ura guda a ƙasa da dala 100, alhali matsakaicin farashin guda ɗaya a kanti ya haura dala 2,300. Shekara guda bayan haka wani rahoton cibiyoyin kimiyya na ƙasar ya sanya matsakaicin farashin guda biyu a kan dala 4,700.

Ina sauran kuɗin suke tafiya?

Abu na farko shi ne yadda kasuwar take. Kamfanoni biyar ne suke riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na cinikin na'urar a duniya, wato Sonova na ƙasar Suwizalan, da Starkey na Amurka, sai Demant da GN da WS Audiology, waɗanda dukkansu suke da tushe a ƙasar Denmark. Sunayen da mai saye yake gani a kanti, irin su Phonak da Unitron da Oticon da Bernafon da ReSound da Beltone da Signia da Widex, suna da yawa a ido, amma duk a hannun waɗannan kamfanoni suke. WS Audiology ma ya samu ne a shekarar 2019 bayan da Widex ya haɗe da Sivantos, wanda a da reshe ne na kamfanin Siemens na Jamus.

Bugu da ƙari wasu daga cikinsu sun mallaki dubban kantunan da ake auna ji da sayar da na'urar. A shekarar 2016, alal misali, Sonova ya sayi jerin kantunan AudioNova da ke Turai. Ke nan mai ƙerawa shi ne mai sari, a wasu wuraren kuma shi ne mai kanti, kuma ba kasafai mai saye yake sanin haka ba.

Kamfanonin dai kan kare kansu da cewa suna kashe maƙudan kuɗi wajen bincike, kuma na'urorin da ake sayarwa a duniya duk shekara 'yan miliyoyi ne, ba kamar wayar salula ba da ake sayar da fiye da biliyan guda, don haka kowace na'ura sai ta ɗauki kaso mai nauyi na kuɗin binciken. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana, sai dai ba ta bayyana dukkan giɓin ba.

Abu na biyu, wanda shi ne ya fi ɗaukar kuɗin, shi ne yadda ake dunƙule farashi. Idan masanin ji ya ce wa mutum dala dubu huɗu, ba kuɗin na'ura kaɗai ya faɗa ba. A ciki akwai kuɗin awon kunne, da na saitawa, da na dawowa gyara har tsawon shekara biyu ko uku, da garanti, da hayar ofis, da albashin ma'aikata, da kuma riba. Mai saye ba ya ganin wannan rabe-rabe a rasit. Wanda ya dawo sau goma da wanda bai taɓa dawowa ba duk kuɗi ɗaya suka biya.

Akwai kuma wani salon ciniki da ya kamata a sani. Kamfani kan fitar da na'ura iri ɗaya a matakai uku ko huɗu, daga ta talaka zuwa ta alfarma, kuma sau da yawa jikin na'urar guda ne, manhajar da ke ciki ce kawai ake buɗe wa wasu ayyuka ko a rufe. Ta alfarmar kan fi iya tace hayaniya a wurin taro, ta kuma haɗu da waya. Sai dai binciken da masana a jami'ar Memphis ta Amurka suka yi ya gano cewa, idan aka saita su da kyau, bambancin da masu amfani suke ji a rayuwar yau da kullum tsakanin mai tsadar da mai sauƙin kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Inda gwamnati ke saye

Babbar shaidar da ke nuna cewa farashin kanti ba shi ne ainihin farashi ba ita ce abin da manyan masu saye suke biya.

Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta Amurka tana sayen na'urori daga waɗannan kamfanoni, kuma a cewar rahoton na shekarar 2015 kimanin dala 400 take biya a kan kowace guda, saboda tana saye da yawa a lokaci ɗaya.

A Birtaniya, hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, tun kafuwarta a shekarar 1948 take ba da na'urar kyauta a matsayin aro, haɗe da batir da gyara. Wanda ya ga ba zai iya jiran layi ba, ko yake son wadda ake ɓoyewa cikin kunne, shi ne kan je kasuwa, inda guda ɗaya kan kama daga fam 500 zuwa fam 3,500 ko fiye.

Faransa ta bi wata hanyar. Daga ranar 1 ga watan Janairun 2021 ta ƙayyade cewa wani rukuni na na'urorin ba zai wuce yuro 950 ba ga manya, kuma inshorar gwamnati da ta ƙari su ne za su biya gaba ɗaya. A Jamus ma mai inshorar lafiya ta gwamnati yuro 10 yake biya a kan na'urar da ba ta da ƙarin ƙawa.

Amurka ce ta fita daban. Shirin Medicare da aka kafa a shekarar 1965 domin kula da lafiyar tsofaffi, waɗanda su ne suka fi kowa bukatar na'urar, tun asali an cire ta daga jerin abubuwan da yake biya.

Dokar da ta buɗe kasuwa

Wannan ne ya sa 'yan majalisar dattawa biyu da ba kasafai bakinsu yake zuwa ɗaya ba, Elizabeth Warren ta jam'iyyar Democrat da Chuck Grassley na Republican, suka gabatar da ƙudurin da zai ba da damar sayar da na'urar a kanti ba tare da takardar likita ba. Shugaba Donald Trump ya sanya masa hannu a shekarar 2017, amma sai da aka yi shekara biyar kafin hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, FDA, ta fitar da ƙa'idojin, bayan da shugaba Joe Biden ya matsa mata lamba. Dokar ta fara aiki a ranar 17 ga watan Oktoban 2022.

A ranar kantunan Walmart suka fara sayar da guda biyu daga dala 199 zuwa sama, Walgreens kuma a kan dala 799. Fadar White House ta ce mai saye zai iya samun rangwamen da ya kai dala 3,000.

Sai kuma a watan Satumban 2024 hukumar ta amince wa kamfanin Apple ya sanya manhajar taimaka wa ji a cikin abin sauraren kunnensa na AirPods Pro 2, wanda a lokacin ake sayarwa dala 249. Mutum zai auna jinsa da wayarsa cikin 'yan mintoci, abin kuma ya saita kansa. Matsalar ita ce sai an samu waya ko kwamfutar hannu ta Apple, kuma cajinsa 'yan sa'o'i yake yi, ba ya kai wa dare.

Sai dai dokar tana da iyaka. Na'urorin kanti na waɗanda suka kai shekara 18 ne, kuma waɗanda raunin jinsu ɗan kaɗan ne ko matsakaici. Ba su dace da yara ba, ba su kuma isar wanda jinsa ya yi nisa. Haka kuma duk aikin da ƙwararre yake yi ya koma kan mai saye, kuma ba kowane dattijo ne zai iya saita na'ura ta wayar salula ba.

Yadda lamarin yake a Afirka

A watan Oktoban 2024 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya mai kula da Afirka ya ce mutane kimanin miliyan 40 ne suke fama da raunin ji a yankin, kuma adadin zai iya kai wa miliyan 54 nan da shekarar 2030.

Bambancin shi ne, yayin da a Turai tsufa ne kan gaba, a yankin Sahel yara da matasa da yawa ne abin ya shafa. Cutar sanƙarau, wadda a shekarar 1996 ta kama mutane fiye da 100,000 a Najeriya, takan bar wasu daga cikin waɗanda suka tsira da kurumta. Haka nan ƙyanda da hangum, da ciwon kunne mai zubar da mugunya da aka bari ya daɗe. Zazzaɓin Lassa ma, a cewar hukumar, yakan taɓa jin kusan mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke. Akwai kuma magunguna irin su gentamicin da streptomycin da kwinin, waɗanda kan lalata kunnen ciki idan aka yi amfani da su barkatai, ga kuma ƙarar injin niƙa da janareto da mutum ke wuni a gefensu shekara da shekaru.

Da yake manyan kamfanonin duk suna ƙasashen waje, ana sayo na'urar ne da dala ko yuro, don haka duk lokacin da naira ta faɗi farashinta kan tashi. Bayan da gwamnatin Najeriya ta saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da naira 1,500 a shekarar 2024. A wannan lissafi, dala 4,700 ta haura naira miliyan bakwai, wato albashin fiye da shekara takwas ga ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yulin 2024.

Amma akwai alamun cewa a nan ma sari yana karya farashi. Asusun kula da ƙananan yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya sanya na'urar cikin kayan da gwamnatoci za su iya saye ta hannunsa, kuma ƙasar Ruwanda ta sayi na yara a kan dala 118 kowace guda, a lokacin da irinta kan kai dala 2,000 a kasuwa. Ko wannan ma ya kai albashin wata biyu da rabi a Najeriya, amma tazarar da ke tsakanin farashin biyu ta isa ta nuna cewa abin da ya rage shi ne gwamnatoci su shiga cinikin da kansu, a maimakon barin kowane magidanci ya tunkari dillali shi kaɗai.

Kuɗi kuma ba shi ne kaɗai cikas ba. Rahoton na 2021 ya ce kashi 93 cikin 100 na ƙasashe matalauta ba su da masanin ji ko da guda ɗaya ga kowane mutum miliyan ɗaya. A arewacin Najeriya akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a shekarar 1999, da kuma sassan kunne da hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa, amma mutumin karkara sai ya haɗa da kuɗin mota da na kwana, kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Wannan ne ya sa a shekarar 2024 hukumar ta fitar da jagora kan yadda za a horar da ƙananan ma'aikatan lafiya su riƙa auna ji da saita na'urori masu sauƙi a kusa da jama'a.

Kuɗin da ke biyo baya

Wani abin da masu saye kan manta shi ne cewa ranar da aka sayi na'urar ranar ce kashe kuɗi yake farawa.

Ƙananan batiran da take amfani da su da iska suke aiki. Da zarar an ɓare 'yar takardar da ke bayansu sun fara ƙarewa ke nan, ko an yi amfani da su ko ba a yi ba. Girmansu huɗu ne, kowane da launinsa: lamba 10 ruwan ɗorawa, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, sai 675 shuɗi. Mafi ƙanƙanta kan yi kwana uku zuwa mako guda, mafi girma kuma mako biyu zuwa uku. A garin da ba a sayar da su, na'urar miliyoyin naira sai ta koma cikin akwati.

Wannan matsala ce ta sa a farkon shekarun 2000 wani ƙaramin kamfani mai suna Godisa a ƙasar Botswana, wanda kurame ne ma'aikatansa, ya ƙera abin cajin batirin da hasken rana. A yau na'urori da dama caji ake yi musu kamar waya, abin da ke nufin sai an tanadi hanyar caji a kowane dare.

Zufa da ƙurar hunturu da dattin kunne su ma abokan gabarta ne, kuma ko an kula da ita yawanci shekara biyar take yi, ko ƙasa ko sama da haka kaɗan. Ga yaro kuwa, robar da ake yi daidai da ramin kunnensa sai an riƙa sake ta yayin da yake girma. Saboda wannan da kuma ƙwarinta ne masana suka fi ba da shawarar wadda ake ratayawa a bayan kunne a ƙasashe masu zafi, ga shi kuma ta fi sauƙin kuɗi da sauƙin gyara a kan wadda ake cusawa ciki.

Kafin a biya

Hausawa kan ce araha ba ta ado, kuma a wannan kasuwa maganar ta fi dacewa da 'yan na'urorin ƙara sauti da ake tallatawa a intanet da kasuwanni a farashin da bai kai na ƙaramar rediyo ba. A ido kamarsu ɗaya da ta gaske, amma da yawansu komai suke ɗagawa, da maganar da hayaniyar, wasu kuma ba su da abin da ke taka wa ƙara birki, ta yadda ƙarar hon ɗin mota za ta iya cinye ɗan jin da ya rage.

Matakin farko a kullum shi ne a duba kunnen. Wani lokaci datti ne ya toshe shi, ko ruwa ya taru a bayan dodon kunne, ko dodon ya huje, kuma waɗannan magani ko tiyata suke bukata, ba na'ura ba. Hukumar FDA ta lissafa alamun da idan an gan su likita za a nufa, ba kanti ba: zubar jini ko mugunya, da ciwo a cikin kunne, da jiri, da raunin da ya fi tsanani a kunne ɗaya, da kuma ɗaukewar ji farat ɗaya. Wannan na ƙarshen na gaggawa ne, domin maganinsa ya fi aiki a cikin kwanakin farko.

Mai wayar zamani zai iya fara gwada kansa da manhajar hearWHO da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kyauta a shekarar 2019, wadda ke karanto lambobi cikin hayaniya ta ga nawa mutum ya kama. Ba ta maye gurbin awon asibiti ba, amma takan nuna ko lokacin zuwa ya yi.

Bayan awo, mutum yana da haƙƙin ya karɓi takardar sakamakonsa, domin da ita zai iya tambayar farashi a wurare daban-daban. Ya kamata kuma ya nemi a rarrabe masa kuɗin: nawa ne na na'ura, nawa ne na saitawa, sau nawa zai dawo ba tare da ƙarin biya ba, garantin na shekara nawa ne, kuma a ina ake gyara idan ta lalace. A jihohi da dama na Amurka doka ta bai wa mai saye aƙalla kwana 30 ya gwada, ya mayar idan ba ta yi masa ba. Inda babu irin wannan doka, sai a nemi alkawarin a rubuce.

Wannan wa'adi yana da muhimmanci saboda ƙwaƙwalwar da ta daɗe ba ta jin wasu sautuka takan ɗauki makonni kafin ta saba. A kwanakin farko mutum kan ji muryarsa ta sauya, ƙarar cokali a kwano ko takun takalmi kuma su dame shi, kuma a wannan lokaci ne da yawa suke cire na'urar su ajiye. Masana ji kan ba da shawarar a fara sanya ta a cikin gida na 'yan sa'o'i, a riƙa ƙarawa kullum, sannan a koma a sake saita ta bayan mako biyu zuwa huɗu.